SA SUNA A HOTON SADAKA: RIYA CE KO AMANA?

Wannan shi ne jawabin da wani malamin Islamiyya ya gabatar ga taron matasa a garin Shanono, dangane da saɓanin da ya taso tsakanin samari masu ɗaukar hoto don sha'awa. Samarin sun wanke wasu daga cikin hotunansu, sun bayar a sayar a gidauniyar taimakon marayu da waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Wasu suka ce kowa ya sa sunansa a jikin hotonsa, wasu kuma suka ce yin haka riya ce mai ɓata lada. A sha karatu lafiya.

ASALIN MAGANA

Bayan godiya ga Allah (SWT) da salati ga Manzonsa (SAW), Malam ya fara da jinjina wa matasan bisa wannan yunƙuri nasu. Ya ce ƙaramar hukumar Shanono ƙasa ce ta manoma, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kimanin dubu 140, a mazaɓu goma da suka haɗa da Faruruwa, Goron Dutse, Tsaure, Alajawa, Kokiya, Leni da Shakogi. Ya ce arzikin jama'arta gero ne da dawa da masara da wake da gyaɗa, sai 'yar dabbar da ake ɗaurewa a bayan ɗaki don ranar buƙata.

Ya tunatar da cewa a shekarar 2025 'yan bindiga masu tsallakowa daga ɓangaren jihar Katsina sun matsa wa ƙauyukan bakin iyaka a Shanono da Tsanyawa, suna kora shanu suna ɗauke mutane, har ta kai a farkon watan Nuwamba na wannan shekarar sojoji suka ba da sanarwar kashe 'yan bindiga 19 a wani artabu a yankin Shanono, inda aka rasa sojoji biyu da ɗan sa-kai ɗaya. Ya ce wanda ya gudu ya bar rumbunsa, ko ya sayar da gonarsa ya biya fansa, ba wa'azi kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar kwanon dawa da kuɗin magani.

"Ku ba ku da kuɗi," in ji Malam. "Amma kuna da waya, kuna da ido, wasunku ma suna da 'yar kyamara. Kuka ɗauki hoton dammunan dawa a lokacin kaka, da kasuwa ranar cinta, da dawaki ranar Sallah, kuka wanke kuka sa a firam don 'yan asalin ƙasar nan da ke zaune a Kano da Kaduna da Abuja da Legas su saya su rataya, kuɗin ya tafi ga mabuƙata. Wannan tunani ne mai kyau. Kada Shaiɗan ya shigo ta ƙofar sa suna ya raba kawunanku, a wayi gari marayu suna jira ku kuna gardama."

Kafin ya shiga gundarin magana, ya taɓo batun hukuncin hoto shi kansa a taƙaice. Ya ce malamai sun yi saɓani tun zuwan kyamara. Akwai waɗanda suka taƙaita shi ga larura, kamar fasfo da katin shaida, akwai kuma waɗanda suka halatta shi, irin su Shaikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, da ya rubuta littafi sukutum a kan halaccinsa, yana kallon sa a matsayin kama inuwar abin da Allah ya halitta. Ya ce wanda zuciyarsa ba ta natsu da hoton mai rai ba, ga gona ga sararin sama ga rumbu, ya ɗauka. Kada wannan ya zagi wancan.

MASU CEWA KADA A SA SUNA

Malam ya ce zai fara da hujjar waɗanda suka ƙi, domin tsoronsu tsoro ne na mutanen kirki. Ya ce aya ta 271 cikin Suratul Baƙara ta yaba wa sadakar da aka bayyana, amma ta fifita wadda aka ɓoye aka kai wa matalauta. Haka nan hadisin mutum bakwai da Allah zai shigar inuwarsa ranar ƙiyama, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya lissafa mutumin da ya kai matuƙa wajen ɓoye sadakarsa har daga ɗaya hannun nasa. Ya kuma kawo hadisin Abu Huraira (RA) cikin Sahihu Muslim game da mutum uku da za a fara yi wa hukunci, wato mayaƙi da mai ilimi da mai kyauta, waɗanda suka yi aikin don mutane su yaba, mutane kuwa suka yaba, ladan ya ƙare a nan duniya.

Ya ba da labarin Ali ɗan Husaini, Zainul Abidina (RA), jikan Sayyidina Ali, wanda malaman tarihi suka ambata cewa yakan ɗauki buhun abinci a bayansa cikin dare ya ajiye a ƙofar gidajen talakawan Madina, ba su san ko wane ne ba, sai da ya rasu abincin ya yanke, masu yi masa wanka kuma suka ga kantar dako a bayansa.

"To ku auna wannan da abin da muke gani yau," in ji shi. "Za a raba mudun shinkafa, amma hoton mai bayarwa a jikin ledar ya fi shinkafar yawa. Za a tara gajiyayyu a rana tun hantsi, ba za a ba su ba sai masu kyamara sun iso. A wajen gidauniya a kira sunan mutum a lasifika, a yi tafi, ya yi alkawarin abin da har abada ba zai cika ba. Wanda ya ga wannan ya ce shi ba ya son sunansa a jikin komai, ba za a ce masa ya yi wauta ba."

Ya ƙara da cewa wayar hannu ta zo wa matasa da wata sabuwar cuta, wato ƙidayar mutum nawa suka yaba, mutum nawa suka tura gaba. Ya ce saurayi zai sa hoto a Facebook da sunan neman taimako ga marayu, amma abin da yake komawa yana dubawa kowane minti biyar ba asusun marayun ba ne, yawan masu yabon ne. Ya ce duk wanda ya sami kansa a haka ya tsaya ya binciki zuciyarsa.

MASU CEWA A SA SUNA

Da ya juya ga ɗaya ɓangaren, Malam ya ce su ma ba da hannu wofi suka zo ba. Ya ce aya ta 274 cikin wannan sura ta Baƙara ta haɗa masu ciyarwa a ɓoye da masu ciyarwa a bayyane cikin alkawarin lada guda. Ya kawo hadisin Jariru ɗan Abdullahi (RA) cikin Sahihu Muslim, lokacin da wasu mutanen ƙabilar Mudar suka zo Madina cikin tsumma da yunwa, Manzon Allah (SAW) ya yi kira a taimaka, wani mutumin Madina ya zo da jakar kuɗi da ta kusa gagarar hannunsa a gaban kowa, jama'a suka bi sahunsa, har aka tara tuli biyu na abinci da tufafi. Ya ce a wannan wuri ne aka yi bushara da ladan wanda ya buɗe ƙofar alheri wasu suka bi.

Ya ce rijiyar Ruma da Sayyidina Usmanu (RA) ya saya ya yi wakafinta ga Musulmi, har yau an san ta da sunansa a Madina. Ruwan da Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta jawo wa mahajjata zuwa Makka sama da shekara dubu ɗaya da ɗari biyu da suka wuce, da sunanta ake kiran sa. Babu malamin da ya ce waɗannan sun yi riya don an san su. Ya kuma ambaci ma'anar maganar Fudailu ɗan Iyad, cewa barin aikin alheri saboda mutane shi ma riya ne. Ya ce Imam Gazali cikin Ihya'u ya jera amfanin ɓoye sadaka da amfanin bayyana ta, ya mayar da al'amarin ga niyya da halin da ake ciki.

"Ashe ke nan," in ji Malam, "riya ba a tawada take ba, a zuciya take. Mutum na iya ƙin sa sunansa, sannan ya bi majalisa majalisa yana cewa, ai ni ban sa sunana ba. Wannan ya sa sunan nasa da baki, ya kuma haɗa da neman a ce masa mai ikhlasi."

HOTO BA KUƊI BA NE

Malam ya ce akwai abin da ɓangarorin biyu ba su lura da shi ba, kuma a nan ne maganar take. Ya ce dukkansu suna auna hoto da ma'aunin kuɗi, alhali ba ɗaya suke ba. Naira dubu idan ka jefa a akwati, ba ta cewa komai, kuma babu wanda zai cutu don bai san daga aljihun wa ta fito ba. Hoto kuwa magana yake yi. Yana cewa abu kaza ya faru, a wuri kaza, ga yadda yake. Hoto shaida ne, shi kuwa mai shaida ba ya rufe fuska a gaban alƙali.

Ya ce addinin nan bai karɓi labari marar asali ba. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurat ta yi umarni da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Malaman hadisi sun gina iliminsu kan isnadi, wato wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, har Abdullahi ɗan Mubarak ya ƙirga isnadi cikin addini, domin ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Ya ce mu duba magabatanmu na nan ƙasar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sukan ambaci sunansu a farkon littattafansu, suna siffanta kansu da masu buƙatar rahamar Ubangiji. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, an san rubuce-rubucenta da sunanta. Alarammomi da yawa idan suka gama rubuta Alƙur'ani da hannu sukan sa sunansu a ƙarshe, su roƙi mai karatu addu'a. "Shin waɗannan ba su san riya ba ne? Sun san ta fiye da mu. Amma sun san cewa wanda ya sa sunansa ya miƙa wuyansa ne. Idan an ga kuskure, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa."

HOTO MARAR UBA

Don matasan su gane haɗarin hoton da ba a san mai shi ba, Malam ya kawo abin da ya faru a jihar Filato. Ya ce ranar 23 ga Yuni 2018 wasu munanan hotuna suka bazu a Facebook, aka ce na kisan da ake yi ne a gundumar Gashish. An yi kisa a yankin da gaske, amma binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba na wannan shekarar ya gano cewa wasu daga cikin hotunan ba su da alaƙa da wurin. Wani hoton jariri ya riga ya yi watanni yana yawo, wani hoton bidiyo kuwa daga Kongo Barazabil ya fito tun 2012. Washegari matasa suka tare hanya, aka fiddo matafiya daga motoci aka kashe mutum 11. Ya ce 'yan sandan jihar sun danganta ruruwar wutar da irin waɗannan hotuna.

Ya kawo misali na biyu daga 2014, bayan ɗauke 'yan matan Chibok su 276 a watan Afrilu. Ya ce ɗaya daga cikin hotunan da suka fi yawo a duniya wajen kiran a dawo da su, ba na 'yar Chibok ba ne, ba ma na 'yar Nijeriya ba ne. Wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, Ami Vitale, ita ta ɗauke shi a ƙasar Gini Bisau shekaru kafin haka, wasu suka kwafa ba da izininta ba. Da yake an san mai hoton, ta fito ta yi magana, gaskiya ta bayyana. "Niyyar masu yaɗawa mai kyau ce, amma an liƙa wa 'yar mutane labarin da ba nata ba. Da hoton ba shi da uba, wa zai fito ya ce ƙarya ne?"

Ya ce yanzu abin ya ƙara muni, domin kwamfuta na iya ƙera hoton gari yana ƙonewa ko yaro yana kuka, alhali babu garin babu yaron. Ga kuma 'yan damfara da ke kwasar hotunan masifar wasu, su liƙa lambar asusunsu, su ce taimako suke nema. Ya ce idan hoton wani ƙauye na Shanono ya fita ba suna ba kwanan wata, gobe wani zai ce a Zamfara ne, jibi wani ya ce a Filato ne, ya tara kuɗi da shi ko ya tayar da fitina da shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an yi ɓarna.

KURA DA SHAN BUGU

Malam ya taɓo kuma haƙƙin mai aiki. Ya ba da labarin Seydou Keita, mai shagon hoto a Bamako ta ƙasar Mali, wanda ya buɗe shagonsa a 1948 ya ɗauki dubban hotunan mutanen garin. A 1991 aka baje wasu hotunansa a wani baje-koli a birnin New York, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san mai ɗauka ba. Sai da wani Bafaranshe, André Magnin, ya tafi Bamako da kwafin hotunan yana tambaya, wani mai hoto ɗan garin, Malick Sidibé, ya gane aikin ya nuna masa gidan dattijon. Daga nan sunansa ya zaga duniya kafin ya rasu a 2001. Ya ce da ba a yi wannan sa'a ba, da an yi kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Ya ce masu shagon hoto na da, a Kano da sauran garuruwa, sukan buga hatiminsu a bayan hoto, kuma ba wanda ya kira wannan alfahari. Ɗan kasuwar da ya kai hatsi Dawanau yakan yi wa buhunansa alama, ba don ya ce dawarsa ta fi ta kowa ba, sai don a san nasa, idan an sami tsakuwa a ciki a san wanda za a nema. Ya ce wannan ita ce amsar masu cewa, mu ai 'yan koyo ne, wane mu da sa hannu kamar ƙwararru. Sa suna ba da'awar gwaninta ba ce, adireshi ne.

Ya ƙara da cewa dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba mai ɗaukar hoto haƙƙin a danganta masa aikinsa, ba ta kuma ware ɗan koyo daga ƙwararre ba. Wanda ya sayi hoto ya mallaki takardar da firam ɗin, amma wannan kaɗai bai ba shi damar buga dubu ya sayar ko ya sa a fostar ɗan siyasa ba. Sannan a kasuwar hotuna ta duniya, wanda aka sa wa hannu aka rubuta adadin kwafinsa ya fi daraja a wurin masu saye. "Idan sa hannunka zai sa mai saye ya ƙara ko da naira dubu biyu, to wannan ƙarin na maraya ne. Da wane dalili za ka hana shi don ka kare kanka daga abin da mutane za su ce?"

WANDA KE CIKIN HOTON

A nan Malam ya sauya murya. Ya ce kwana da kwanaki ana gardama kan sunan mai ɗauka, babu wanda ya tambayi haƙƙin wanda aka ɗauka. Ya ce aya ta 264 cikin Baƙara ta ambaci abu biyu da ke rushe sadaka, gori da cutarwa, kafin ta kwatanta mai yin su da mai riya. Ya ce babu gorin da ya kai ka ba bazawara mudu biyu, sannan ka rataye fuskarta a falon wani a Abuja, ko ka watsa ta a waya 'yan uwan mijinta da maƙwabtanta suna kallo.

Ya kawo hoton da Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauka a garin Ayod na kudancin Sudan a watan Maris 1993, na wani yaro da yunwa ta durƙusar, ungulu na tsaye a bayansa. Jaridar New York Times ta buga shi, duniya ta girgiza, mai hoton ya sami babbar lambar yabo ta Pulitzer a 1994. Da yake sunansa na jiki, mutane suka yi ta tambayar sa me ya yi wa yaron bayan ya ɗauki hoton. Amma shi yaron, an shekara 18 ana cewa mace ce, sai a 2011 wata jaridar ƙasar Sifen ta gano iyalinsa, aka san namiji ne kuma ya tsira daga wannan yunwar. "Duniya ta san sunan mai kyamara, ba ta san na mai yunwa ba. Kada mu zama haka."

Ya tuna wa matasan hatsarin kwale-kwalen da ya faru a maƙwabciyarsu Ɓagwai ranar 30 ga Nuwamba 2021, a kan ruwan Watari, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Ya ce a irin wannan rana mai hankali yakan ajiye waya ya kama aiki, domin gawar Musulmi tana da alfarma, uwar da ta rasa ɗanta kuma ba ta buƙatar ta ci karo da hotonsa bayan shekara biyar. Ya ja kunne musamman kan matan da aka sako daga hannun 'yan bindiga. Ya ce hoton irin wannan baiwar Allah na iya bin ta har ranar aurenta ko auren 'yarta, saboda haka ba a ɗaukar sa, ko da suna ko ba suna.

INDA ƁOYE SUNA YA ZAMA DOLE

Malam ya ce akwai wurin da shi da kansa zai hana a sa suna, kuma dalilin ba riya ba ne, tsaro ne. Ya ce kowa ya san 'yan bindiga ba sa shiga gari sai da ɗan gari, kuma infoma shi ma yana da waya. Saurayin da ya ɗauki hoton ƙauyen da aka kai wa hari, ya rubuta sunansa da na ƙauyensu ya watsa, ya nuna kansa da gidansu. Ya kuma yi bayanin cewa waya takan ɓoye wasu bayanai a cikin hoto, kamar rana da lokaci, har da daidai wurin da aka ɗauka idan an bar na'urar nuna wuri a kunne. WhatsApp kan goge waɗannan idan an tura hoto yadda aka saba, amma idan an tura shi a matsayin fayil suna tafiya tare da shi. Ya hana ɗaukar wuraren da sojoji ko 'yan sa-kai suke, da hanyoyin da jama'a ke bi su tsira, da garken kowa.

Ya ce a irin wannan hali sai a rubuta sunan kwamiti a jikin hoton, sunan mai ɗauka kuma ya zauna a littafin da amintattu biyu ko uku ke riƙewa. Ta haka isnadi bai yanke ba, rai kuma bai shiga haɗari ba.

ABIN DA ZA A YI

Daga nan sai ya taƙaita shawararsa kamar haka:

1. Hoton da za a sayar, na gona ko kasuwa ko hawan Sallah, a sa masa suna. Amma a sa a baya, ko da ƙananan baƙaƙe a farin gefen ƙasa, ba a shimfiɗa shi a tsakiyar hoto kamar allon talla ba.

2. A rubuta wuri da shekara da adadin kwafi, misali na 3 cikin 20. Wanda ya ce 20 ya wanke, kada ya koma ya ƙara a ɓoye, domin wannan algus ne.

3. A yi amfani da fensir mai laushi idan takardar ta karɓa, ko a rubuta a wata 'yar takarda a manna a bayan firam. Biro yana huda hoto, wata tawadar kuma tana ratsawa ta ɓata fuskarsa.

4. Kada a ɗauki fuskar kowa sai da izininsa, yaro kuma sai da izinin waliyyinsa, a kuma gaya musu inda hoton zai je. Wanda ya ce a'a, a ba shi taimakonsa cikakke.

5. Abin da za a ɓoye shi ne kuɗin. Kada a yi shelar cewa hoton wane ya kawo kaza, na wane bai sayu ba. A haɗa duka a asusu ɗaya, a ba mai saye rasit, a karanta wa jama'a jimillar abin da ya shigo da inda ya tafi.

6. Wanda ya san zuciyarsa, ya ga sunan zai halaka shi, ya bar wa kwamiti su riƙe masa. Kada ya ce wanda ya sa ɗan riya ne, kada shi ma a ce masa mai tsattsauran ra'ayi.

TAMBAYOYI

Wani matashi ya tambaya cewa, "Allah gafarta Malam, idan na sa sunana da kyakkyawar niyya, daga baya aka yabe ni na ji daɗi, ladana ya tafi?" Malam ya amsa da cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) irin wannan tambaya a hadisin Abu Zarri (RA) cikin Sahihu Muslim, ya kuma ɗauki yabon da ya zo bayan aiki a matsayin busharar gaggawa ga mumini. Ya ce abin tsoro shi ne yabon ya zama shi ya tayar da kai, ko kuma ka ji ba za ka sake ba idan ba a yaba ba. Ya ba shi ma'auni, ya ce, "Ranar da hoton abokinka ya sayu naka bai sayu ba, idan ka yi farin ciki don marayu sun samu, to ka gode wa Allah. Idan ƙirjinka ya yi zafi, ka san akwai sauran aiki."

Wani kuma ya tambaya ko ya halatta ya sa lambar wayarsa a bayan hoton don ya sami masu kiran sa aikin biki. Malam ya ce neman halal ba laifi ba ne, amma a raba kasuwa da sadaka. Ya ce a rubuta lambar kwamiti a jikin hoton, wanda ke son mai ɗauka ya tambaye su, domin idan kowa ya mayar da gidauniyar marayu wurin tallar kansa, jama'a za su gane, kuma ba za su sake fitowa ba.

Daga ƙarshe ya yi kira ga matasan da su gaggauta kammala aikin kafin hatsi ya ƙara tsada, su kuma nemi shawarar masu unguwanni da limamai wajen tantance mabuƙata, domin su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba kuma masu gidan ba za su taɓa faɗa ba. Ya roƙi Allah ya kawo zaman lafiya a Shanono da Tsanyawa da Ɓagwai da maƙwabtansu na Katsina, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya tsarkake niyyar kowa. Aka shafa, aka sallami jama'a.